Ranar da Na Je Binciken Mai Ipnoz Na Dawo Ba Takalmi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da za a buɗe kaina a wanke ƙwaƙwalwar da sabulu a shanya ta a rana. Ita ce ranar da na ratsa rabin Yamai ƙafa ba takalmi, hannuwana biyu manne da juna kamar mai roƙon gafara a gaban alƙali. Kuma ba wanda ya ɗaure ni da igiya. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai har gobe.

Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da shadda da yadi a Kalley, gefen Babbar Kasuwa, kuma duk wanda ya san ni ya san ba a cutata. (Matata Haju za ta ce an sha yi, amma ba ita ke ba da labarin nan ba.) Ina da yaya, Alhaji, yana zaune a Banifandu. Ɗiyarsa ta fari Ramatu sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Ita kuma Tonton take ce mini, irin na yaran Yamai.

To, wani saurayi mai suna Nasiru, mai aiki a wani kilinik, ya fito neman aurenta. A gidanmu ba a karɓar gaisuwar iyayen yaro sai an yi bincike, kuma binciken aikin baffa ne, wato ni. Alhaji ya kira ni ya ce, “Abin da ka gano shi zan bi. In ka ce a ba shi, an ba shi. In ka ce a'a, magana ta mutu a nan.” Na gyara zaman hula. Rabon da a ɗora mini aiki mai girma haka tun ranar da aka ba ni rabon nama a sunan ɗan maƙwabcinmu.

Na shiga unguwarsu a Talladje, na tambayi mai butik, na tambayi ladan, na tambayi tsofaffin da ke zama a gindin iccen bedi. Kowa sai ya ce yaron kirki ne. Ba ya shan taba, ba ya faɗa, yana kai uwarsa likita. Tun nan na fara zarginsa. Mutum a ce duk unguwa ba mai ƙorafi a kansa? Ni da nake mutumin kirki ma akwai layin da ba na bi da rana.

Sai na koma wurin Uwata na ce, “Wai shi yaron nan, takamaimai me yake yi a kilinik ɗin nan? Allura yake yi ko awo?”

Ta ce, “Tonton, sikolog ne, masanin halayyar ɗan Adam. Kuma ya karanci ipnoz.”

“Ya karanci me?”

“Ipnoz. Yana yi wa mutum magana har hankalinsa ya tattaru wuri guda. In za a wanke wa wanda ya ƙone ciwo, sai a kira shi ya taimaka zafin ya ragu. Masu tsoron allura ma suna zuwa, da masu son barin taba.”

Na ce, “Da magana kawai?”

Ta ce, “Da magana kawai,” tana wani murmushi.

Nan gabana ya yanke ya faɗi. Mu a kasuwa mun san masu aiki da magana kawai. Su ne waɗanda ake cewa za su ba ka hannu, su kalle ka cikin ido, kai da kanka ka sauko musu da shadda daga kan kanta, har ka raka su bakin gudro, wato kwalta, ka tsayar musu da taksi, sai bayan sun ɓace ka farka. (Ban taɓa ganin wanda aka yi wa da idona ba, amma kowa a Kalley yana da ɗan uwan da aka yi wa.) Ga kuma Uwata, yarinyar da ke gardama har da rediyo, wadda ta kori samari kamar ana korar kaji daga shanya, yau ita ce ke kallon portabul, wayar hannunta, tana dariya ita kaɗai. Na ce a raina, shi ke nan, ya gama da ita.

Da yamma na kai maganar fadarmu, inda muke shan shayi a ƙofar gidan Idi direba. Idi ya yi tuƙin babbar mota ƙasashe da dama, kuma ba abin da bai sani ba, har wanda babu. Ya aje kofinsa ya ce, “Na san irinsu. Ƙarfinsu a ido yake da tafin hannu. Kar ka kalli idonsa, kar ka ba shi hannu, kar ka sha ruwansa, kar ka faɗi sunanka na gaskiya.” Sannan ya shiga ɗaki ya fito da zobban tsarinsa, manya-manya na azurfa da na jan ƙarfe, ya ce in sa a kowane yatsa. Idi siriri ne kamar sandar rake, ni kuwa Allah ya hore mini jiki. Sai da aka sa sabulu kafin su shiga.

Ranar Asabar da hantsi na yi shirin ɓad da kama. Na aje babbar rigar da kowa ya san ni da ita, na sa wata gajerar shamis da wando mai mazagi, na ɗora baƙin tabarau. Haju ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Malam, makanta ka fara ko waƙa?” Na ce aikin sirri ne. Ta ce ita dai ta yi gaba gidan Alhaji, yau can ake abincin rana.

Na isa kilinik na ce sunana Malam Garba, baƙo ne ni, tsoron allura ke damuna. (Sunan da baƙuntar ne kawai ƙarya. Ni in na ga allura, ko ta tela ce, sai na nemi wurin zama.) Aka nuna mini ɗakinsa. An shimfiɗa darduma, don haka na tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Na zaci zan tarar da duhu da hayaƙi da ƙahon rago. Sai ga ɗaki fes, taga a buɗe, kujeru biyu, da wata fulawa a tukunya. Na ce lalle wannan gwani ne, har kayan aikin ya ɓoye.

Ya miƙe da fara'a ya miƙo hannu biyu. Na dafe ƙirji na ce mura nake yi. Ya kawo ruwa, na ce azumi nake. Ya aje ruwan ya zauna.

Ya ce, “Baba, kafin mu fara, ipnoz ba barci ba ce, ba kuma sihiri ba. Za ku riƙa jin duk abin da nake faɗa, kuma duk lokacin da kuka ga dama za ku iya tashi. Kun taɓa nutsewa cikin jin wasan kokawa a rediyo har a yi ta kiran sunanku ba ku ji ba?”

Na ce, “Wataƙila.” (Haju ta taɓa kwashe kwanon tuwo daga gabana ban sani ba sai da na kai hannu ƙasa.)

Ya ce, “To irin wannan nutsuwar ce. In hankali ya tattaru haka, abin da mutum ya sawwara a ransa jiki yakan amsa shi kamar gaske. Misali, ku ɗauka an ɓare tsamiya ɗanya, an ɗora muku a kan harshe, tsamin nan yana bin gefen haƙora.”

Wallahi sai ga miyau ya cika mini baki. Na haɗiye da ƙyar. Na ce a zuciyata, ka ga, ko hannu ban ba shi ba ya riga ya shiga bakina.

Ya ce in zauna da kyau, in sassauta ɗaurin ƙugu don numfashi ya riƙa kai wa ciki. Na bi dokokin Idi ɗaya bayan ɗaya a kaina, ban ga inda ya hana kwance mazagi ba, sai na kwance. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Don kar in kalli idonsa, sai na kafe nawa idon a kan wata ƙusa da ke jikin bango, na ƙi ko ƙiftawa. Sai na ji ya ce, “Madalla, Baba, kun ma riga ni. Ku ci gaba da kallon wurin nan.” Ya fara magana a hankali, murya ƙasa-ƙasa, yana cewa in ji iska na shiga tana fita, in ji nauyin kafaɗuna yana sauka. Ni kuwa na kasa kunne iya ƙarfina, ina tace kowace kalma don in kama inda zai saka sunan aljani. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa sauraron mutum haka ba. Ƙarar motoci ta ɓace, kukan yara a waje ya ɓace, duniya ta rage daga ƙusa sai muryar Nasiru.

Can ya ce, “Bari mu yi ɗan gwaji, in ga yadda kuke karɓar abin. Ku saƙa yatsunku cikin juna, ku miƙe hannuwan gaba, ku matse. Yanzu ku ɗauka an narka ƙaro an zuba a tsakaninsu, yana bin kowane yatsa, yana bushewa.”

Jama'a, na ga ƙaron nan. Na ga launinsa, na ji ɗuminsa, har wani ƙuda na gani ya maƙale a ciki.

Ya ce, “Ya bushe ƙam. Duk yadda kuka ja, sai ya ƙara kamawa. Ku gwada rabawa.”

Na yi dariya a raina, na ja. Shiru. Na sake ja. Hannuwana suka ce ba su san zancen ba. Na ja na uku har jijiyar wuya ta fito.

Salatin da na yi, ina jin har a ƙetaren kogi an ji shi. Na yi tsalle ɗaya na bangaje ƙofa da kafaɗa, na bi ta kan takalmana na wuce. Ina ji yana kira a bayana, “Baba, ku tsaya, ban ƙare ba! Yanzu zan warware muku!” Na ce warware wa kakanka.

Sai a bakin gudro na gane halin da nake ciki. Ƙasa zafi kamar kaskon masa. Wando ya fara zamewa, ba hannun ɗaure mazagi, don haka na matse shi da gwiwoyin hannu a ƙugu. A haka nake tsayar da taksi, ina ɗaga dunƙulallun hannuwa iya cibiya ina ihun “Banifandu!” Wata ta tsaya. Direban Bazabarme ne, ya leƙo ya ce, “Alfa, lafiya?” Na ce a buɗe mini ƙofa dai. Wata tsohuwa da ke baya ta buɗe, ta matsa can jikin ɗaya ƙofar, ta rungume jakarta, tana ta “Allah ya ba da lafiya, Allah ya sa kaffara ne.” Duk tsawon hanya ina ja, hannuwa na ƙara kamawa, yatsu sun kumbura sun yi kamar rogo. Da muka isa, direban ko kuɗinsa bai tsaya tambaya ba.

Na faɗa gidan Alhaji ba sallama. Yana zaune a rumfa, mata na tsakar gida suna zuba dambu, Haju a cikinsu, Uwata na yanka albasa. Na zube a kan tabarma na ɗaga hannuwa na ce, “Yaya, ga sakamakon bincike!”

Daga nan na ba da rahoto. Na ce ɗakin baƙi ƙirin, na ce idanunsa sun juye ja, na ce na ji wata murya na amsa masa daga cikin tukunyar fulawa. (Ban san lokacin da waɗannan suka shigo labarin ba, amma da na faɗe su sai na ji kamar na tuna su.) Alhaji ya kama hannuwana ya ja da ƙarfinsa, ni kuma ina ihu ina ƙara matsewa ban sani ba. Ya tofa addu'a ya sake ja. Ko motsi.

Haju ta matso ta leƙa ta ce, “Malam, ka tabbata ba kai ke riƙe da kanka ba?”

Na ce, “Ke, ana maganar rai kina maganar wasa!”

Uwata ta aje wuƙa, hawaye na zuba, ba na albasa ba. Ta ce, “Tonton, don Allah, ipnoz ba haka take ba. Ku bari in kira shi.”

Alhaji ya daka mata tsawa. Ya ce, “Ba mai kiran kowa. Wanda ya yi wa baffanki haka tun bai shigo gida ba, in ya shigo me zai yi mana? Magana ta mutu. Gobe a sanar da mutanensa.”

Ta toshe baki da mayafi ta juya. Na ji wani abu ya soke ni a ƙirji, amma na ce wa kaina ceto na yi.

Ana cikin haka sai ga ƙarar moto, wato babur, a ƙofar gida, sai sallama. Nasiru ne, riƙe da leda. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da rumfa, kai a ƙasa. Ya gaida Alhaji, ya tura ledar gaba ya ce, “Baba ne ya manta takalmansa.”

Alhaji ya ce, “Au, ka san shi?”

Ya ce, “Tun shigowarsa. Ramatu ta sha nuna mini hotonsa. Na ga bai so a gane shi ba, shi ya sa na bi shi a Malam Garba. Na je gidansa aka ce suna nan. In an ba ni izini, magana ce kaɗan ta rage, hannun zai saki.”

Ya ɗan ɗago kai. Ni kuwa da na ga ido na shirin haɗuwa da ido, na zabura na miƙe tsaye, na ɗaga hannuwan nan biyu sama na kare fuska, ina ihu, “Kar ku kalle shi! Yaya, rufe idonka! A fitar da yara!”

Kun tuna abin da ke riƙe da wandona?

Gwiwoyin hannu na barin ƙugu, ya sauka. Bai tsaya a gwiwa ba, bai yi shawara da kowa ba, sai da ya kai idon sawu. Ga gajerar shamis. Ga matar yayana, ga Uwata, ga maƙwabta biyu da suka shigo jin ihu, ga wanda ke neman zama surukina.

Hannuwan da Alhaji ya kasa rabawa, waɗanda addu'a ba ta raba ba, ban san lokacin da suka rabu ba. Ɗaya ya cafko wando ta dama, ɗaya ta hagu, cikin saurin da ko walƙiya sai ta nemi in koya mata.

Sai muryar Haju daga bakin murhu: “Alhamdu lillahi. An samu waraka.”

Mata suka ruga ɗaki, ina jin dariyarsu na dukan bango. Alhaji ya cusa fuska cikin hannun babbar riga yana wani tari da ba na mura ba. Nasiru kuwa ya kafe ido a ƙasa kamar an ba shi aikin gadin tururuwa. Ko gefen bakinsa bai motsa ba.

Da ƙura ta lafa, na ɗaure mazagi na zauna a bayan Alhaji. Ya goge ido ya ce wa yaron, “To, gaya mana gaskiya. Me ka yi masa?”

Nasiru ya ce, “Alhaji, ni hanya kawai na nuna, shi ya yi tafiyar. In mutum ya tattara hankalinsa wuri guda, ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke tsayawa yana tantance kowace magana yakan lafa, sai abin da aka faɗa ya zauna kamar gaskiya. Baba ya gaskata hannun ya manne, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa aika wa tsoka umarnin matsewa, alhali shi yana jin ja yake yi. Tsoro ya ƙara ƙulle abin. Ga kuma zobban nan, yatsu sun kumbura sun sarƙe a bayansu. Da hankalinsa ya koma kan abin da ya fi hannun muhimmanci, sai ya saki.”

Alhaji ya ce, “Ya fi muhimmanci ƙwarai.” Tarin ya dawo.

Na leƙo ta kafaɗarsa na ce, “To Uwata fa? Ba da wannan ka juya mata kai ba?”

Ya ce, “Baba, ipnoz ba ta sa mutum abin da zuciyarsa ta ƙi. Kuma ba kowa take kamawa daidai ba. Ramatu ta taɓa cewa in gwada mata, ina magana tana gyara mini Faransanci, dole na haƙura. Waɗanda suka fi karɓa su ne masu ƙarfin sawwara abu a zuci, waɗanda in an ba su labari suke ganinsa ƙuru-ƙuru. Ban taɓa samun wanda ya kai ku ba. Baiwa ce.”

Haju, da ta fito da ruwan sabulu don cire zobba, ta ce, “A gida ƙarin gishiri muke kiranta.”

Alhaji ya juyo gare ni ya ce, “Mai bincike, har yanzu bakinka nake jira. Na ce abin da ka faɗa shi zan bi.”

Na dubi yaron nan. Na je masa da sunan ƙarya ya karɓe ni da mutunci, na zage shi a gaban mutane ya biyo ni da takalmi, ya ga abin da bai kamata suruki ya gani ba ya riƙe dariyarsa, abin da yayana uwa ɗaya uba ɗaya ya kasa. Na hango Uwata a bakin labule ta ƙura mini ido. Na ce, “A ba shi. Amma da sharaɗin abin da ya faru a gidan nan ya mutu a gidan nan.”

Kowa ya ce amin. Kafin la'asar labari ya kai Kalley.

An yi biki lafiya, ni na ba da aure, cikin babbar riga har ƙasa. Idi ya karɓi zobbansa yana cewa ai da ban sa su ba, da abin ya fi haka. Daga baya ma na koma wurin Nasiru da sunana na gaskiya, kuma yanzu ana yi mini allura ina kallon ƙusa ina yawo a bakin kogi cikin raina.

Abin da na koya shi ne, na toshe ido, na hana hannu, na ƙi ruwa, duk don kar wani ya shiga kaina, ashe mai sihirin yana zaune a ciki tun tuni, kuma muryata gare shi. Sannan duk inda za ni yanzu, ko likita ne ya ce in sassauta mazagi, sai in ce masa a haka ma ina numfashi lafiya lau.